Me ya sa muke taruwa a layi ɗaya in muna hamoni a Rock Band?

Wani ɗan'uwa ya turo tambaya, ga ta a taƙaice: su uku ne, shi da abokansa biyu, suna da makirufo uku na USB, suna buga gem ɗin bidiyo na kiɗa da waƙa, The Beatles: Rock Band da Rock Band 3. In kowa ya rera shi kaɗai yana cin maki sosai, amma da zarar sun zaɓi hamoni, wato kowa ya rera layin sautinsa daban a lokaci ɗaya, sai komai ya dagule, kafin a kai tsakiyar waƙa duk sun taru a kan layi ɗaya, kibiyoyin da ke nuna sautin kowa a allo kuma sai tsalle suke sama da ƙasa, Triple Fab ɗin nan, yabon da gem ke yi in an cika layuka uku duka, sai dai su gan shi a bidiyon wasu. Yana so ya san ko makirufon ne ba su da kyau, ya je ya sayo masu tsada.

Toh malam, ka riƙe kuɗinka tukuna. Ni aikina koyar da waƙar rukuni ne, ina kuma taɓa haɗa sauti, kuma abin nan da ka faɗa ciwon duk wanda ya fara rera waƙa da murya fiye da ɗaya ne, da gem ko babu gem. Matsala biyu kuka haɗa wuri guda. Tsallen kibiya laifin ɗaki ne da yadda kuke riƙe makirufo, wannan a zama ɗaya za ku gyara shi. Taruwa a layi ɗaya kuwa daga kunne yake, kuma babu makirufon da za ka saya a duniya ya gyara maka kunne, sai bita.

Ka fara sanin abin da gem ɗin yake ji, don mutane da yawa suna zaton yana sauraron waƙa ne yadda ɗan Adam ke saurara. Ko kaɗan. Abu ɗaya yake nema a muryarka, sau nawa iskar take karkarwa a daƙiƙa guda, abin da ake aunawa da Hertz kenan. Sautin da ake saita kayan kiɗa da shi, wanda ake kira A, karkarwa 440 ne a daƙiƙa. In ka hau sama adadin ya ƙaru, in ka sauko ya ragu, kibiyar nan da kake gani tana hawa tana sauka wannan lissafin kawai take nuna maka. Kalmomin bakinka ba su dame shi ba, ko "laaa" ka yi ta ja daga farko har ƙarshe zai ba ka makinka cas, matuƙar kana kan sautin kuma ka shiga a kan lokaci. Sai dai an gina lissafin ne a kan cewa murya ɗaya ce ke shiga makirufo ɗaya. Ka riƙe wannan da kyau, don daga nan tsallen kibiyarku ya samo asali.

Shi hamoni, kamfanin Harmonix ya fara sa shi a jerin Rock Band ne da gem ɗin Beatles, wanda ya fito ran 9 ga Satumba 2009 a Xbox 360 da PlayStation 3 da Wii, da waƙoƙi 45 a faifan. Daga nan Green Day: Rock Band ya ɗauka a 2010, sai Rock Band 3 a Oktoban wannan shekarar, har zuwa Rock Band 4 na 2015. Tsarin kusan ɗaya ne a dukansu. Layin jagoran waƙa shuɗi ne kuma kalmominsa suna ƙasa, sauran layuka biyun ɗaya ruwan lemo ɗaya ruwan ƙasa, kalmominsu suna sama. Kowane makirufo yana da kibiyarsa mai siffarta daban, don haka abu na farko kafin a danna waƙa, kowa ya yi magana a nasa ya gane wacce ce kibiyarsa, za ka sha mamakin yawan mutanen da ke rera waƙa guda cur suna kallon kibiyar wani.

Ga kuma inda gizo ke saƙar: gem ɗin bai ɗaure kowane makirufo da wani layi ba. Duk layin da muryarka ta faɗa a kai shi zai ƙirga maka. Kuma layi ɗaya kacal ake buƙatar a cika don jerin makinku ya ci gaba, na biyu da na uku ƙari ne, su ke kawo Double Fab da Triple Fab a na Beatles, ko Double Awesome da Triple Awesome a Rock Band 3. An yi haka ne don kar a kori masu koyo, kuma tunani ne mai kyau, amma ka ga illarsa a wajenku, ku ukun za ku iya tattaruwa a shuɗin layi gem ɗin ya yi ta yaba muku, babu abin da zai yi ja, babu wanda za a fitar. Wato babu wani abin da ke tilasta muku ku rabu, sai in ku kuka tilasta wa kanku.

Wani sauƙin da ya yi muku kuma, bai damu da oktaf ba. Sauti mai karkarwa 220 da mai 440 da mai 880 duk A ne, kowanne ninkin na ƙasansa, kuma gem ɗin ɗaya yake ɗaukarsu. Ma'ana in layin ruwan lemo ya yi can ƙololuwa, mai kaurin murya ba sai ya shaƙe kansa ba, ya rera shi a ƙasa inda muryarsa take zaune, kibiya za ta hau layin daidai. Wannan ma shi ya sa namiji da mace ke iya raba layi ba tare da rigima ba. Na sha ganin mutum yana ta ƙoƙarin kamo muryar da ba tasa ba, jijiyar wuya ta tashi, sautin kuma yana zamewa ƙasa, alhali da ya sauko oktaf guda da ya huta.

Yanzu tsallen kibiya. Ku uku kuna zaune a kujera ɗaya kafaɗa da kafaɗa, kowa ya riƙe makirufo a wajen ƙirji kamar mai hira da 'yan jarida, ga talabijin a gabanku an ƙure ƙara. Abin da ke shiga makirufonka ba muryarka kaɗai ba ce, akwai ta na kusa da kai, akwai ta mawaƙin asali daga sifika, akwai jita da ganga. Lissafin da aka gina don murya ɗaya ya samu uku, sai ya riƙa kama wannan ya saki ya kama wancan, kibiya ta yi ta rawa. Maganin lissafi ne mai sauƙi. Duk lokacin da nisa ya ninka, ƙarfin sauti yana raguwa da kusan desibel 6, desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti. In makirufo yana santimita 5 daga bakinka, abokinka kuma yana nesa da mita ɗaya, muryarka ta fi tasa ƙarfi a makirufonka da wajen desibel 26, gem ɗin ba zai ma san da shi ba. Amma ka sauke hannu zuwa santimita 20, tazarar ta koma wajen desibel 14, in kuma abokin naka mai ƙarfin murya ne kai kana jin kunya kana rera wa a hankali, shikenan ya shige maka makirufo. Don haka makirufo dab da baki, kamar faɗin yatsu biyu ko uku. Ku tashi tsaye ku ba juna tazara, taku biyu ma ya isa. Yawancin makirufon hannu gabansu suka fi ɗauka, bayansu kurma ne, toh ku juya gindin makirufon ya kalli sifika, wanda dama haka zai kasance in kuna fuskantar talabijin. Kuma don Allah a daina dunƙule kan makirufo da tafin hannu irin na masu gayu, yin hakan yana toshe ramukan da ke sa shi ƙin ɗaukar sautin baya, sai ya koma yana kwasar ko'ina, ga kuma ƙugin nan mai tsaga kunne.

Sai ƙarar talabijin. Ku rage ta har inda kuna jin kiɗan amma muryoyinku na ainihi sun fi shi tashi a ɗakin. A cikin saitin gem ɗin akwai inda ake rage muryar mawaƙin asali daban, da inda ake rage ƙarar makirufo daban. Ni shawarata ƙarar makirufon nan ku kai ta ƙasa gaba ɗaya, kar muryarku ta fito ta sifika sam. Dalili kuwa jinkiri. Talabijin na zamani sai ya tsaya ya gyara hoto da sauti kafin ya fitar, in kuma akwai sifikar waje ko wani abu mai Bluetooth a tsakani jinkirin ya ƙaru, sai ka ji muryarka tana dawo maka bayan ka riga ka wuce wurin. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, masu binciken magana sun daɗe da gano cewa in aka dawo wa mutum da muryarsa a kunne da jinkirin kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa, ko magana ce yake yi sai ya fara in'ina, balle waƙa, balle kuma waƙar da kake fama ka riƙe layinka. Ɗaki ɗaya kuke, kuna jin juna da kunnenku, me za ku yi da sifika?

Ku kuma sa talabijin a Game Mode, saitin da ke rage wannan jinkirin, sannan ku shiga saitin daidaita jinkiri na gem ɗin ku yi shi a natse, na sauti daban na hoto daban. In kuna da jitar Rock Band 2 ko wadda ta biyo baya mara waya, tana da ɗan ido da ɗan makirufo a jiki da ke yin wannan awon da kansu, ka kara ta a gaban allo da sifika kawai. Alamar saitin bai yi ba ita ce kullum farkon kalma yana kuɓuce muku ko da kun tabbata kun shiga daidai da kiɗa. In kun canza talabijin ko sifika sai an sake, ba a gadonsa.

Wannan duk mai sauƙin kenan, mu zo kan kunne.

Ɗan Adam in yana waƙa ba daga kansa kaɗai yake ɗauko sauti ba, kunne yana ta saurare yana gyara wa maƙogwaro hanya ba tare da ka sani ba, kuma abin da ya fi ƙara a ɗakin shi yake bi. Ka lura da mutum biyu in suna tafiya suna hira, ba su shirya ba sai ka ga ƙafarsu ta zama ɗaya, haka murya take yi in ta ji wata kusa da ita. Ƙari a kan haka, layin jagora shi ne wanda ka sani, shi ka yi shekaru kana ji kana bi, na hamoni kuwa ka sha jinsa amma ba ka taɓa ware shi ba, a kunnenka ado ne kawai da ke sa waƙar ta cika. Toh ka ɗauki layin da ka sani rabi da rabi, ka tsaya kusa da wanda ke rera wanda ka haddace, ga mawaƙin asali ma yana tayawa ta sifika, ai ba a tambayar inda za ka ƙare. Ba rashin iya waƙa ba ne, har ma sau da yawa mai kaifin kunne ya fi saurin zamewa a farko, don shi ya fi jin na kusa da shi. Kuma kar ku ɗauke shi kamar amshi, inda wani zai faɗa ya yi shiru kai ka karɓa. Nan a lokaci ɗaya kuke, galibi kalma ɗaya a baki, sauti ne kawai ya bambanta, shi ya sa babu wurin ɓuya.

Akwai wani kuskure da masu fara hamoni ke yi, suna zaton layi na biyu shi ne na farkon sak an ɗaga shi sama kaɗan. Da haka ne da an huta. In ka duba fiyano, daga wani sauti zuwa ninkinsa taku 12 ne in ka ƙirga farare da baƙaƙen maɓallai duka. Hamonin da aka fi yi shi ne wanda ake cewa na uku, do da mi kenan, sai na biyar, do da so, in an haɗa do mi so a tare shi ne cikar nan da kake ji har tsikar jiki ta tashi, don karkarwarsu tana tafiya ne kusan 4 da 5 da 6, suna haɗuwa akai-akai. Amma tazarar na ukun ba ta tsaya wuri ɗaya ba, do zuwa mi taku 4 ne, re zuwa fa taku 3, mi zuwa so ma 3, fa zuwa la kuma a koma 4. Wato kana tafiya gefen jagora amma tazararku tana buɗewa tana tsukewa, wani wurin ma shi zai hau kai ka tsaya cak a sauti ɗaya, wani wurin ya sauka kai ka hau, wani wurin layukan su gitta juna. Ka zuba wa allon ido za ka gani ƙuru-ƙuru, layukan ba a jere suke tafiya ba. Wuraren da suka matso juna ko suka haɗe na ɗan lokaci sannan suka rabu, nan ne ake ɓata, kun haɗu a sauti ɗaya da izini, lokacin rabuwa ya yi sai ka bi shi gida. Saboda haka layin hamoni waƙa ce mai zaman kanta, haddace ta ake yi daga farko har ƙarshe, ba a lissafo ta daga ta jagora ana cikin tafiya, wannan sai an daɗe ana yi.

Sai rabon aiki, kuma a nan na san za a yi min gardama. Kusan kowane rukunin abokai wanda ya fi iya waƙa shi ke ɗaukar shuɗin layi, don shi ne na gaba, shi ne mai daɗi. Ni a ganina wannan juya abu ne. Shuɗin layi kowa zai iya riƙe shi tunda kowa ya san shi, ku ba wanda ya fi rauni a cikinku, ba zai ɓata ba, kuma jerin makinku yana hannun amana. Wanda ya fi ku taurin kunne, wanda ko ana ruwa ana iska ba ya sakin sautinsa, shi za a ba layin da sautinsa ke tsakiyar sauran biyun, don na tsakiya shi ne mugun, ana jansa daga sama ana jansa daga ƙasa, kuma sau da yawa ba shi da wani daɗin rerawa shi kaɗai, sauti biyu ko uku ne yake ta maimaitawa. Na sama ya fi sauƙi fiye da yadda ake zato, kunne yana saurin kama abin da ya fi komai tsini. In gwanin naku ya ƙi sauka daga jagora saboda girman kai, toh ku ce masa ai wurin ƙwararru ne kuka ba shi, kuma ba ƙarya kuka yi ba.

Kuma ku fara da mutum biyu. Na san ku uku ne kuma ba a so a bar wani a zaune, amma murya biyu in ta zauna, ta ukun shiga kawai take yi. Na ukun ya tsaya ya saurara ya gaya muku daidai kalmar da kuke haɗewa, wannan aiki ne babba, don wanda ke ciki ba ya sanin lokacin da ya zame, shi dai ya ga ya ji daɗin waƙar ne kwatsam, toh jin daɗin nan shi ne alamar ya koma layin jagora.

Yadda nake sa mutane su yi bita, ga shi. Ku zaɓi waƙa ɗaya, ɗaya tak, ku shiga wajen koyo. Gem ɗin Beatles yana da wurin koyon murya da zai busa maka sautin layin da ka zaɓa a kan waƙar, ka ji shi a ware, ku yi amfani da shi, shi ne abu mafi amfani a faifan kuma shi aka fi tsallakewa. Kar ku ɗauki waƙar duka, ɗan yanki guda, inda aka fi maimaitawa. Mai hamoni ya rera nasa shi kaɗai da "uuu" har sai ya iya yinsa an kashe talabijin, yana tafiya, yana wani aikin. In bai iya rera shi babu kiɗa ba, bai iya ba tukuna, kibiya ce ke jansa. Daga nan jagora ya shigo amma da raɗa-raɗa, daga can nesa, mai hamoni yana yi da cikakkiyar murya. In an wuce lafiya jagora ya ƙara murya kaɗan, ya matso kaɗan, a haka a haka har su yi daidai. Duk inda aka zame kar a koma farkon waƙa, a tsaya a kan wannan kalmar, kowa ya ja sautinsa ya riƙe shi dogo tare, daƙiƙa biyar ko shida, ku ji yadda haɗuwar take a kunne da ƙirji, don abin da kake so ka haddace ba sautinka kaɗai ba ne, har da yadda yake ji in ya jingina da na ɗan'uwanka. Toshe kunne ɗaya da yatsa, na ɓangaren da jagora yake, yana taimakawa a farko tunda kana jin muryarka ta cikin ƙashin kai, amma kar ya zama ɗabi'a, wanda ya saba toshe kunne ba zai taɓa daidaita da kowa ba. Sannan sautin farko na kowane yanki shi ne rabin aikin, in ka shiga daidai yawanci za ka fita daidai, don haka ka riƙa jinsa a kanka tun kafin layin ya iso, ka ja numfashi da wuri, kar ka shiga kana lalube.

Ku sa No Fail, saitin da ke hana a fitar da ku in kun yi kuskure, ku fara a Medium, wato matsakaicin mataki. Bambancin matakan a murya ba wai an canza waƙar ba ne, yawan kuskuren da ake yafe maka ne ke raguwa, Expert ba ya yafiya sosai. Babu amfanin ku je can kuna faɗuwa tun ba ku san layukanku ba.

Ƙananan abubuwa da ke cinye maki: wasali ne ke ɗauke da sauti, irin su "s" da "f" da "sh" iska ce kawai babu abin da gem zai auna, don haka ka wuce baƙi da sauri ka zauna a kan wasalin. Karkarwar murya ta ado, ka rage ta, mutum uku kowa yana karkarwa nasa daban ba ya daɗi ko a kunne. Kar ka riƙa hawowa sauti daga ƙasa kamar mai hawa tudu, faɗa masa kai tsaye. Ƙarshen dogon sauti kuma nan iska ke ƙarewa murya ta fara zamewa ƙasa, kuma in ɗaya ya zame sauran ma binsa suke.

Wani abu da ya kamata in faɗa ko ba ka tambaya ba, Triple Awesome ba shaidar kun yi daɗi ba ce. Gem ɗin kowane makirufo yake aunawa shi kaɗai da layin da aka zana, bai san ko kun dace da juna ba. Kai kana ɗan sama da sautin, abokinka yana ɗan ƙasa, dukanku kuna cikin iyakar da aka yafe, allo ya yi ta walƙiya, wanda ke tsaye a bakin ƙofa kuwa yana yamutsa fuska. In kuna so ku ji abin da nake nufi, ku biyu ku ja sauti ɗaya tare ku riƙe. In ɗaya yana 440 ɗaya yana 443 za ku ji wani wawwaw-wawwaw sau uku a daƙiƙa, yayin da kuke matsowa juna yana raguwa, in kun haɗu ya ɗauke ɗif. Wannan ɗaukewar ita ake nema, kuma babu kibiyar da za ta nuna maka ita. An ce gani ya kori ji, amma a wannan harka in ka bar ido ya yi mulki, kullum a makare kake, don kibiya sai ka riga ka yi kuskure take nunawa, ka gani, ka gyara, ka wuce gona da iri, ka sake dawowa. Saboda haka in kun haddace yanki, ku juya wa allon baya ku rera shi, ku ajiye waya ta ɗauki sautin ɗakin ku saurara daga baya. Ba daɗi a karon farko, kowa sai ya ce ba muryarsa ba ce, amma nan za ku ji wa ke danne wa. Rock Band 3 yana da wani gyaran murya na kamfanin iZotope da ke lallaɓa abin da ke fita ta sifika, ranar da aka taru ana nishaɗi ba laifi, ranar bita a kashe shi.

Wajen zaɓen waƙa kuma kar ku fara da wadda ta fi burge ku. Misali Because ta kundin Abbey Road na 1969, wadda aka saki a gem ɗin daga baya tare da sauran kundin, murya uku ce ta John Lennon da Paul McCartney da George Harrison aka ɗauka sau uku ta zama tara, ga ta a hankali, babu ganga da za ka ɓuya a bayanta, kusan daga farko har ƙarshe a haɗe ake. Wannan ta ƙarshen tafiya ce. Ku nemi wadda layi biyu ne kawai, hamonin yana zuwa a ɗan yanki ya tafi, ko wadda masu rakiya ke jan "aaa" dogo a baya yayin da jagora ke faɗin kalmominsa, irin wannan ta fi sauƙi nesa ba kusa ba, saboda kalmominku da lokacinku sun bambanta da nasa, kunne ba ya ruɗewa. Mafi wuya ita ce wadda kuke faɗin kalma ɗaya a lokaci ɗaya kuma tazararku taku 3 ko 4 ce. Ku kuma sani ba kowace waƙa ke da hamoni a Rock Band 3 ba, waɗanda aka saki tun zamanin Rock Band na farko da na biyu layi ɗaya gare su a can, sai a Rock Band 4 ne aka ƙara wa da yawa daga cikinsu. In wata rana na'urar ta gaji, a kwamfuta akwai YARG, kyauta ne kuma yana karɓar hamoni, akwai kuma UltraStar Deluxe mai waƙar mutum biyu kowa da layinsa, yawancin abin da na faɗa a sama yana aiki a can.

Batun sayen makirufo da ka tambaya, ga gwajin da zai raba gardama. Ka kashe ƙarar talabijin gaba ɗaya, ka shiga wajen koyo kai kaɗai, ka ja sauti ɗaya dogo a kowane makirufo bi da bi. Wanda kibiyarsa ta tsaya cak lafiyarsa ƙalau. In akwai wanda ke rawa ko yana ɗaukewa alhali sauran ba sa yi, ka canza masa ramin USB ka sake gwadawa, ka kuma murɗa wayar a hankali wajen gindi ka gani ko a nan ta karye, don nan suka fi mutuwa. In kuwa sai an haɗa ukun a hob ɗin USB ɗaya, wato abin nan mai raba rami ɗaya zuwa da yawa, suke fara iskanci, wuta ce ba ta isarsu, ka nemi hob mai nasa abin cajin da ake sawa a bango, ko ka raba su, biyu a hob, ɗaya kuma a jikin na'urar kai tsaye.